Gada a Kan Gatari

A Colchani gishiri ne ƙasa,
gishiri ne hanya, shi ne bangon ɗakinmu.
Da rana yana ciyar da mu,
da dare yana cin ƙarfenmu a ɓoye.

Motar marigayi Wenceslao, mijin goggona,
shekara talatin tana jan buhuna daga tafki.
Ran Talata ta faɗa rami da lodi,
gatarin baya ya ranƙwafa,
tayoyi biyu suka sunkuya suna gaida juna.

Sabo yana Oruro, kuɗin lama goma sha ɗaya.
Goggo Teodosia ta tofar da ganyen koka,
ta ƙirga garkenta da ido: bakwai, har da gurguwa.
Ta ce, "Remigio, ɗauko min kwali da alli."

Kwana biyu jak da sarƙa suna lallashin gatari
har ya miƙe yana ƙorafi.
Sannan ta durƙusa, kitsonta biyu na sharar ƙasa,
ta yanka kwalin taliya, ta gwada, ta rage,
ta sake gwadawa,
sai da ya hau ƙoƙon tsakiya
kamar sirdi a bayan jaki.
Ta ce gada za mu gina masa daga kafaɗa zuwa kafaɗa,
in nauyi ya zo, ya tarar da su biyu.

Ƙarfen kuwa daga wani mataccen tarago muka yanko,
can inda jiragen ƙasa ke kwance suna tsatsa.
Na goge shi har na ga haƙorana a ciki.

Ran Juma'a ta tafi kasuwa sayar da cuku.
Ni da na'urar walda muka kalli juna.
Na ce bari ta dawo ta tarar da aiki a gama.
Na ja wuta layi guda, dogo, ban ɗaga hannu ba,
tartsatsi na zuba a takalmina,
ina jin kaina sarkin maƙeran duniya.

Da ta dawo ba ta ce uffan ba.
Zare ta ciro daga aljihun zanenta,
ta ja shi daga wannan baki zuwa wancan.
Zaren nan bai iya rufa asiri ba:
tsakaninsa da ƙarfe, ɗan yatsana ya shige.
Zafi ya ja gatarin ya koma inda ya fito.

Dare uku ina kankare abin da na yi a awa ɗaya.
Sanyi ya daskarar da ruwan bokiti,
ƙurar ƙarfe ta cika min hanci.

Ta ce, "Wuta kamar bashi take, kaɗan ake ci.
Ɗinka tsawon yatsa a nan.
Tashi, zagaya can ƙarshe, ɗinka wani.
Yanzu ajiye. Sha shayi.
Taɓa da bayan hannu. Da zafi? To, ƙara shayi."
Tulu biyu muka shanye kafin la'asar,
ɗinki ashirin da shida,
kowanne zare ya shaida.

A ƙasan gadar ta sa na huda ƙofofi uku.
Na ce ai ƙarfi za mu rage.
Ta ce ruwan gishiri baƙo ne da ba a hana shi shiga,
sai dai a nuna masa hanyar fita.

Ran Litinin muka loda buhu sittin.
Da muka iso ramin nan na rage gudu,
ta ɗora tafinta a gwiwata ta danna.
Mota ta faɗa, ta yi nishi, ta fito,
kwalbar shayi kaɗai ta kife.

Kwalin yana nan rataye a ƙusa bayan ƙofa,
da tabon mai, da rubutun allinta.
Zaren kuwa ta ba ni.
Yana aljihuna na hagu,
ya yi baƙi, bai taɓa yi min ƙarya ba.